Ranar da na nemi hutu a ofis don in raka 'yata eskoshan

Daren Litinin ne wajen ƙarfe tara da rabi, na gama wanke-wanke kenan ina ta sauri in goge yunifom ɗin yara kafin a ɗauke wuta, sai saƙo ya shigo guruf ɗin iyaye na ajin su babbar 'yata a WhatsApp. Wai ranar Alhamis za a kai 'yan aji huɗu eskoshan, Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, in lokaci ya ragu a hau Dala, kowane yaro ya zo da dubu huɗu kuɗin mota da na ƙofa da ruwa, sannan ana buƙatar iyaye biyar ko shida da za su bi su don a taya malamai kula da yaran. Ban gama karantawa ba sai ga ta a bakin ƙofar ɗaki, ashe tun a makaranta an faɗa musu, jira kawai take in gani. Tace, "Umma, wannan karon dai za ki je ko?"

Wallahi "wannan karon" ɗin nan shi ya tsaya min a wuya. Saboda na san abin da take nufi.

Bara suna aji uku an kai su Gidan Zoo, na yi mata alƙawari da bakina zan je, sai ranar ta faɗo daidai ƙarshen wata, ni kuma a ɓangaren akanta nake aiki a wani kamfani mai zaman kansa a Sharaɗa, duk wanda ya san aikin nan ya san daga 25 ga wata zuwa a biya albashi ko fitsari a guje ake yinsa. Ban ma tambaya ba, ni da kaina na yanke wa kaina hukuncin ba za a bar ni ba. Na cika mata kula da taliya da ƙwai, na sayo biskit da lemo, na ƙara mata kuɗi a aljihu fiye da yadda ya kamata, kun san irin abin nan da uwa take yi in tana jin nauyin wani abu a ranta. Da yamma ta dawo tana ta ba ni labarin jimina da birai da kada, ina ta dariya, can sai tace min da suka je wajen kura ta ji tsoro ta ƙi matsawa, sai maman ƙawarta ta kama hannunta tace, "Zo mu je, ki ɗauka ni ce Ummanki." Ba da fushi ta faɗa min ba, labari kawai take bayarwa. Ni ce na shiga banɗaki na yi kukana na fito. Ina gode wa matar nan har gobe, Allah Ya saka mata da alheri, amma hannuna ya kamata a ce ta kama.

To ranar Talata da safe na shiga ofis da maganar a raina. Na fara gaya wa abokiyar zamana, wadda muke tebur ɗaya shekara da shekaru, kuma mace ce mai kirki da tsoron Allah. Buɗar bakinta sai tace, "Ke dai kina da neman wahala. Ki ce masa an yi muku rasuwa a ƙauye, ko ki ce yaro ne ba lafiya, shikenan ba wanda zai ƙara tambayarki." Kuma ba mugunta take nufi ba, hanyar da kowa ke bi kenan, ita ma haka ta yi ranar saukar ɗanta. Ni kaina na taɓa yi sau ɗaya, ranar raba kyaututtuka, nace asibiti za ni, kuma har aka tashi taron ina laɓe-laɓe kar wani ya ɗauke ni hoto ya ɗora a status wani ɗan ofis ya gani, yarinya ta karɓo kyautarta tana nemana mu yi hoto ina ce mata bari sai mun je gida. Tun ranar nace ba zan ƙara ba. Sannan ni fa ina tsoron in kira wa ɗana ciwo da bakina, ko in kashe wani ɗan uwa da ransa don a ba ni kwana ɗaya.

Abin da ke damuna a lamarin nan shi ne, mu a nan akwai uzurin da kowa ya yarda da shi ba gardama. Rasuwa, ba wanda zai hana ka, har oga da kansa zai zo gaisuwa, kuma haka ya kamata. Suna, biki, ɗaurin aure, rakiyar alhaji filin jirgi, duba mara lafiya, duk waɗannan in ka faɗa sai dai a ce Allah Ya sanya alheri ko Allah Ya ƙara sauƙi. Na taɓa ganin an ba mutum kwana uku don bikin ƙanwar matarsa, ban kuma ga laifin hakan ba don zumunci ne. Amma ka ce za ka raka ɗanka na cikinka ziyarar makaranta, sai a kalle ka kamar ka ce za ka je kallon ƙwallo. Wato yaro sai ya kwanta ciwo sannan ya cancanci yini ɗaya daga cikin lokacin iyayensa, in yana lafiya lau yana murna yana son ki ga abin da yake gani, wannan wasa ne. Ni ban yarda da wannan lissafin ba.

Kuma in muka duba doka ita ma ba ta san da zancen ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya, sashe na 18, mafi ƙarancin hutun shekara da ta wajabta wa ma'aikaci bayan ya cika wata 12 yana aiki shi ne kwana shida na aiki. Shida fa, a shekara guda. Hutun rashin lafiya kwana 12 da takardar likita. Mace mai ciki sati shida kafin haihuwa da sati shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida a wurin. Daga nan sai a ce yaron ya girma da kansa kenan. Ma'aikatan gwamnatin tarayya sun fi mu samun sarari, daga mataki na 7 zuwa sama suna da kwana 30, akwai kuma ɗan hutun uzuri, a 2021 ma an amince wa maza hutun kwana 14 in matansu sun haihu, wanda ni na yi murna da shi sosai. Mu na kamfani kuwa abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki shi ne naka, ni kwana 15 gare ni, kuma a cikinsu nake fitar da zuwa gida ganin Hajiyarmu, da hidimar sallah, da ranakun da ƙaramin ke tashi da zazzaɓi in ba mai kai shi asibiti. Wata 'yar uwarmu da ke aure a Amurka ta taɓa ce min a jihar Kalifoniya akwai doka ta musamman, duk wurin aikin da ke da ma'aikata 25 ko fiye, uwa ko uba na da damar ɗaukar har awa 40 a shekara don harkokin makarantar yaro, kar dai ya wuce awa 8 a wata, kuma ba a isa a kore ka ko a hukunta ka a kai ba. Ba lallai a biya ka kuɗin awannin ba, yawanci daga hutunka ake cira. Ni ba ma biyan ne ya tsaya min a rai ba, a'a, cewa an rubuta shi a matsayin dalili, mutum zai faɗe shi kansa a ɗage.

Sai na ɗauki fom ɗin hutu na cike, wajen da aka ce a rubuta dalili na rubuta gaskiya, raka 'yata ziyarar makaranta. Na kai wa oga da kaina. Ya karanta ya cire tabarau ya kalle ni yace, "Hajiya, eskoshan kuma? Ba malamai a makarantar ne?" Nace, "Akwai ranka ya daɗe, su uku ne a kan yara 38, su suka nemi iyaye su taimaka. Bara ban je ba, bana na yi mata alƙawari. Aikin Alhamis zan gama shi gobe ko da zan kai magariba, abin da ya rage kuma na yi magana da abokiyar zamana za ta riƙe min." Ya yi shiru, ya juya fom ɗin, sai yace shi duk 'ya'yansa sun gama firamare bai taɓa sanin ana bin yara irin wannan yawon ba. Nace, "Haka ne Yallaɓai, mu ma iyayenmu ba su bi mu ba, amma zamani ya canza." Ya sa hannu, yace a cire daga hutuna na shekara, kuma kar ya zama al'ada. Na yi godiya na fito ƙafafuna na rawa. Ba mugun mutum ba ne, gaskiya, kawai bai taɓa jin wani ya kawo masa wannan dalilin ba, domin duk waɗanda suka je kafin ni da sunan rasuwa suka je.

Maganar zamani ya canza ɗin nan ba don in kare kaina kawai na faɗa ba. Lokacin da muke firamare a bayan a-kori-kura aka taɓa kai mu Tiga kallon dam, ba wanda ya sa hannu a wata takarda, iyayenmu sai da muka dawo wasu ma suka ji. Yanzu wace uwa ce za ta iya wannan? Mun ga yadda aka sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disamban 2020, mun ga Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, mun ga Kuriga a Maris ɗin 2024. Nan Kano ma ba za mu manta da Bagwai ba, ƙarshen Nuwamban 2021, da kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya a hanyarsu ta zuwa Mauludi, yara ƙanana, Allah Ya jiƙansu Ya ba iyayensu haƙuri. Tun daga nan duk lokacin da aka ce za a kwashi yara a abin hawa zuwa wani wuri, abu na farko da nake tambaya shi ne mutum nawa za a zuba, kuma babba nawa ne a tare da su. Na san Allah ne mai tsarewa, ba zuwana ne zai hana ƙaddara ba, amma ido shida a kan yara 38 a tsakiyar cikin gari ya yi kaɗan, wannan ko malaman da kansu sun sani shi ya sa suka nema.

Ranar Laraba sai bayan isha'i na shigo gida. Alhamis da asuba kuwa ita ta tashe ni.

Mun taru a makaranta ƙarfe bakwai da rabi, kwasta ɗaya da ƙaramar bas ɗaya, iyayen da suka zo mu huɗu ne kacal, mata uku da namiji ɗaya. Ɗaya matar gida ce, ɗaya tana saida atamfa da leshi ta waya, sai ni, sai wani bawan Allah tela da ya rufe shagonsa ya zo don ɗansa. Na ce masa, "Malam, yau an bar ɗinki kenan?" Yace, "Hajiya ɗinki zai jira ni, in na koma na kwana a kan keke." Mutumin nan ba shi da fom ɗin da zai cike, ba shi da hutun shekara, yinin da bai yi aiki ba a aljihunsa zai ji shi, amma ya zo. Anti ta raba mana yara, aka ba ni tara, ta ce in haddace fuskokinsu in dinga ƙirgawa duk inda za mu shiga da duk inda za mu fita. Ban taɓa sanin ƙirga tara na da wuya haka ba, kina kaiwa bakwai na farkon ya bar inda yake.

Ni haifaffiyar Kano ce, shekarata talatin da wani abu, na wuce ta gaban Gidan Makama ya fi a ƙirga in za ni cikin gari, ga shi nan daf da gidan Sarki, amma ban taɓa sa ƙafata ciki ba sai ranar. Abu na farko da ya ba ni mamaki sanyin wurin, a waje rana ta fara cizo amma kina shiga zauren sai ki ji kamar an yayyafa ruwa, katangar ƙasa mai kaurin gaske, ga rufin azara, ga bakan gizo ya tashi daga bango ya haɗe a sama. Mai yi mana bayani, wani dattijo mai haƙuri da yara, yace an gina gidan tun ƙarni na 15 don Muhammadu Rumfa kafin ya zama sarki, shi ne ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan sarautar da ake ciki har yau, a zamaninsa aka kafa Kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa Shehu Magili ya zo Kano. Ya nuna musu tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, ya nuna musu sulke da lifidi da kwalkwali, ya ba su labarin yadda Turawa suka shigo Kano a Fabrairun 1903 lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Duk wannan na taɓa karantawa a makaranta na manta, amma gani ya kori ji.

Abin da ya fi tsaya min ba tarihin ba ne, yarinyata ce. A gida shiru-shiru ce, sai ki tambaye ta me aka yi a makaranta tace ba komai. Ashe a cikin 'yan ajinsu ita ce uwar tambaya. Dattijon nan na nuna lifidi tana ɗaga hannu, "Baba, to dokin ba ya jin zafi a cikin wannan bargon?" Aka yi dariya, shi kuwa ya tsaya ya amsa mata tsakani da Allah, yace yana ji mana, amma zafin auduga ya fi zafin kibiya sauƙi. Ta ƙara tambaya wa yake ɗinka shi, ta ƙara tambaya in ruwan sama ya jiƙa shi fa. Anti ta matso kusa da ni tace, "Maman yara, haka take kullum, wataran sai na ce ta bari wasu su yi." Na tsaya ina kallonta kamar yau na fara ganinta. Shekara tara ina tare da yarinya, ina mata wanka ina mata kitso, amma wannan ɓangaren nata ban san shi ba, domin ba a gida take fito da shi ba, kuma ba zai taɓa fitowa a katin sakamako ba.

Da muka shiga inda aka yi jeren ɗakin amaryar da, ta ga ƙore da faya-fayai da akushi da taskira, sai ta juyo ta nemo ni a cikin mutane ta ja hijabina tace, "Umma, kin ga irin akushin Hajiya Kaka!" Nace shi ne, a irinsa kakarki ta ci tuwo tana yarinya, ita ma na uwarta ne ta gada. Nan take ta juya tana gaya wa ƙawayenta mu ma muna da shi a gidanmu. Da ban je ba da ta dawo tace mun ga kwanuka, shikenan.

Wani abu kuma da na lura da shi a wurin, duk rubutun da ke jikin bango sai ta matsa dab da shi ta ƙanƙance ido sannan ta karanta, sauran yara daga nesa suke karantawa. Na tambayi Anti a ina take zama a aji, tace a gaba, ita ta zaɓa tun farkon zango. Bayan sati biyu na kai ta asibitin ido, yanzu haka da gilashi take zuwa makaranta. A gida littafi a hannunta yake, waya a hannunta take, ta ina zan gane?

Daga nan muka wuce Ƙofar Mata, wajen marina, inda aka rubuta tun 1498 ake rini a wurin. Warin baba ya fara yi mana sallama tun daga ƙofa, yara suka toshe hanci, minti biyar kuma sun manta sun kewaye ramukan, nan fa aikinmu ya tashi, don ramukan suna da zurfi kuma bakinsu daidai yake da ƙasa, ni da telan nan muka tsaya muna ta janyo na gaba-gaba ta wuyan riga. Wani tsoho da hannunsa ya rine har gwiwar hannu ya yi musu bayanin yadda ake haɗa baba da toka da kanwa a cikin ruwa a bar shi kwanaki ya nuna. Sai ya ɗauki ɗan farin ƙyalle da aka ƙulle da zare ya tsoma ya ɗago, ya fito kore-kore, yace kowa ya zuba ido kar ya ƙifta, muna kallo iska na bugunsa yana juyewa yana komawa shuɗi a gabanmu. Yaran duk suka yi tsit, sai wani yaro yace "La ilaha illallahu!" da ƙarfi. Ni ma ban san haka abin yake ba wallahi, na ɗauka ruwan shuɗi ne kaya ke sha kawai. Ya sake tsomawa ya ɗago ya sake tsomawa, yace yawan tsomawa shi ke kawo duhun launi. Gefe guda ga masu bugu suna ta dukan yadi a kan gungume, sautin na tafiya tare kamar kiɗa, har ya yi ƙyalli. Amma ramuka da yawa a bushe suke, wasu shara ta cika su, masu aikin kuma yawancinsu manya ne. Wannan ya taɓa min zuciya, na ce a raina ko jikokina za su zo su tarar da wani a bakin ramin nan.

Dala kam ba kowa ya hau ba, rana ta take, aka ce wanda ya gaji ya zauna a mota da Anti ɗaya. Tawa tace sai ta hau. Muka bi matakala ina haki tana jan hannuna, telan nan ya saɓa wani ƙaramin yaro da ya gaza a kafaɗa, ba ma ɗansa ba. Da muka kai sama gari ya buɗe, ga Gwauron Dutse can, ga hasumiyoyin masallacin Juma'a na cikin gari, malaminsu na ba su labarin Barbushe da Tsumburbura, ita kuwa tambayarta ɗaya, "Umma ina ofis ɗinku?" Na nuna mata wajen da Sharaɗa take, nace can ne cikin hazon can. Ta daɗe tana kallo sannan tace, "Ashe da nisa kike zuwa."

Yanzu bari in faɗi nawa ƙorafin a kan makarantu, don su ma suna da nasu. Saƙon daren Litinin don tafiyar Alhamis ba adalci ba ne ga duk mai aiki a ƙarƙashin wani. Kun san ranar tun farkon zango, to ku sa ta a takardar da kuke rabawa tare da ta kuɗin makaranta mana, in na sani da wata guda zan tsara hutuna ba sai na je ina rawar murya gaban oga ba. Nas da ke aikin kwana za ta iya musanya da wata, ma'aikacin banki zai iya nema da wuri. Sannan a daina sa wa a ƙarshen wata. Kuɗin ma a dinga faɗa da wuri, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 hayar mota ta zama abin da ta zama, na sani ba laifinku ba ne, amma mai karɓar mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da 'ya'ya uku a makaranta ba zai fitar da dubu huɗu cikin kwana biyu ba tare da wani abu ya tsaya a gidan ba. Yara biyu a ajin ba su je ba saboda kuɗi, na ji wannan daga baya kuma ya dame ni, da an faɗa a guruf ba tare da an kama suna ba da mun haɗa musu.

Kuma don Allah a daina yi wa iyayen da ba su samu zuwa ba gugar zana. Da daddare bayan an zuba hotuna a guruf wata ta rubuta wai Allah Ya saka wa iyayen da suka damu da 'ya'yansu. Raina ya ɓaci duk da ina cikin waɗanda ake yabo, saboda bara ni ce a ɗaya ɓangaren, kuma na san ba rashin damuwa ya hana ni ba. Akwai mai aikin shara a asibiti da in ta yi fashin yini za a yanke mata, akwai mai aikin kamfani na kullum-kullum da in bai zo ba gobe wani ne a gurbinsa, akwai wadda mijinta ya rasu ita kaɗai ce. Ita kanta Antin da ta kai mu, a hanyar dawowa take ce min 'ya'yanta biyu suna wata makarantar kuma ba ta taɓa raka su ko sau ɗaya ba, don ranar da za ta nema ita ma tana da aji a gabanta. Ta faɗa tana gyara wa ɗan wata hula.

Na san akwai masu cewa bin yaro ko'ina na hana shi tsayawa da ƙafarsa, kuma suna da gaskiyarsu, in ta shiga sakandare ba zan bi ta ba, ita ma ba za ta so ba. Ba kuma kowace tafiya nake cewa a je ba, ni kaina ba zan iya ba. Sau ɗaya a shekara, ko ma sau ɗaya a duk zaman firamare, shi nake magana. Kuma iyaye maza, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne, da kun ga yadda ɗan telan nan yake tafiya a gaban layi yana waiwayen babansa da kun gane.

Ranar Juma'a na koma ofis ƙafafuna sun yi tsami, oga ya wuce ta gaban teburina yace, "Hajiya ya eskoshan?" Nace Alhamdulillahi ranka ya daɗe, na nuna masa hoton marina a waya, ya tsaya ya kalla yace shi rabonsa da wurin tun yana yaro kakansa ya kai shi. Bayan kamar wata guda wani abokin aikinmu na sito ya same ni a gefe yana ƙasa da murya, wai 'yarsa za su je filin jirgin Malam Aminu Kano ganin jirage, me na rubuta a fom ɗina har aka sa min hannu? Nace abin da zan je yi na rubuta. Ya rubuta nasa haka, an ba shi rabin yini.

Zango mai zuwa ajin ƙaninta ne za su je Gidan Zoo. Na yi magana a mitin ɗin PTA, wannan karon sun sa ranar a takardar farkon zango. Na ce wa Abbansu layi ya zo kansa, ya ɗan yi gunaguni a kan kasuwa, sannan ya ce ƙaninsa zai zauna masa a shago har azahar. Jiya da daddare na ji yayar tana ce masa, "Abba, in kun je wajen kura ka riƙe masa hannu, don zai ji tsoro amma ba zai faɗa ba."